Matsalolin Fasaha Wajen Shirya Darussan Hausa na Majigi Masu Murya: Abin Lura Daga Yola da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Maris na shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a duk faɗin Nijeriya, malaman Hausa da dama suka shiga wata sana'a wadda ba a koya musu ita a kwaleji ba. Malami zai tsara darasinsa shafi-shafi a kwamfuta, galibi da PowerPoint, ya ɗauki muryarsa yana bayani a kan kowane shafi, sa'an nan ya tura wa ɗalibai ta waya. An daɗe da sake buɗe makarantu, amma wannan hanya ba ta mutu ba, domin malamai sun ga amfaninta wajen bita da kuma taimaka wa ɗalibin da darasi ya wuce shi. Irin wannan darasi shi muke kira darasin majigi mai murya, ko da kuwa a waya za a kalle shi ba a jikin bango ba.

Kafin mu yi nisa, akwai wata kalma da ya kamata mu warware. A yau kafofin watsa labarai suna amfani da kalmar manhaja ga duk wani tsari da ake ɗora wa kwamfuta ko waya, alhali kuwa a wurin malamai manhaja ita ce tsarin abin da za a koyar. Don gudun ruɗani, a wannan muƙala mun bar wa manhaja ma'anarta ta ilimi, PowerPoint da makamantanta kuwa muka kira su masarrafa.

Abin da muke son nunawa shi ne, matsalolin da malamin Hausa yake gamuwa da su a wannan aiki ba daidai suke da na malamin tarihi ko na lissafi ba. Idan murya ta ɗan shaƙe a darasin tarihi, ɗalibi zai iya cike giɓin daga abin da ke rubuce. A darasin Hausa kuwa, wuraren da na'ura ta fi yin tuntuɓe, wato baƙaƙe masu ƙugiya da farkon furuci da ƙarshensa, su ne ainihin abin da ake koyarwa.

2.0 Yanayin Harshe a Yola da Jimeta

Yola tsohuwar hedkwatar masarautar Fombina ce wadda Modibbo Adama ya kafa, kuma Fulfulde shi ne harshen fada da na tsofaffin gidajen garin. Jimeta, wadda take bakin kogin Binuwai, ita ce matattarar kasuwanci da ofisoshin gwamnati, kuma a nan Hausa ta zama harshen da ya haɗa Bafulatani da Bacama da Kilba da Margi da Camba da Higi da Vere da sauran al'ummun jihar. Bayan da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Oktoba na 2014, dubban iyalai daga arewacin jihar suka kwararo zuwa waɗannan garuruwa biyu, lamarin da ya ƙara cakuɗa harsunan da ake samu a aji guda. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977, da bugun da suka biyo bayansa kamar na 1981 da na 2004, ya tanadi cewa yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci ban da harshensa na gida. A Adamawa, Hausa ce ta ɗauki wannan matsayi a mafi yawan makarantu.

Ke nan, ɗalibin da ke gaban malamin Hausa a Dubeli ko Jambutu ko Karewa yana jin Hausa sarai, yana ciniki da ita, amma sau da yawa ba ita ya sha a nono ba. Ɗalibin da ya tashi da Fulfulde ya san ɓ da ɗ da 'y, domin akwai su a harshensa, har ma ya saba ganin an ninka wasali a rubuce don nuna tsawo. Abin da babu a Fulfulde shi ne ƙ da ts, kuma harshen ba ya bambanta ma'anar kalma da karin sauti. Daidaitacciyar Hausa kuma ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Kalmar kuka a rubuce ɗaya ce, ko bishiya ake nufi ko zubar da hawaye. Haka gari, ko na zama ko na tuwo. Haka baba, ko mahaifi ko gwaggo ko shukar rini. Bakano yakan cike wannan daga kunnensa ba tare da ya sani ba. Ɗalibin Jimeta kuwa daga muryar malami yake samunsa, idan muryar ta iso gare shi lafiya.

3.0 Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Tun a shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East yake jagorancin aikin talifi a Zariya, aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, kuma tarurrukan daidaita ƙa'idojin rubutu, irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, ba su kawar da su ba. Da kwamfuta ta shigo, babu waɗannan baƙaƙe a allon rubutunta. Masana suka yi dabara, suka ƙirƙiro samfuran rubutu na musamman, waɗanda suka fi shahara a cikinsu su ne Rabi'at da Abdalla, na Farfesa Abdalla Uba Adamu, a shekarun 1990. Aiki ne da ya ceci ɗab'in Hausa na tsawon shekaru. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta cika bukata ba, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. A ido ƙ ce, amma a cikin kwamfuta alamar nan ta asali tana nan ba ta canza ba.

Daga nan matsala take tasowa. Malamin da ya kwafo rubutu daga tsohon kundinsa na digiri ya zuba a shafin darasi, a kwamfutarsa komai daidai yake. Da zarar an buɗe fayil ɗin a wata na'ura da ba ta da wannan samfuri, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, a wasu samfuran kuma a ga qasa da xaya da varawo. Mun taɓa zama a bayan aji a wata makarantar sakandare a Jimeta, wata malama ta haska darasin da ta kwana tana shiryawa a kan bambancin baki da baƙi, sai kalma ta biyu ta fito da wata alama a tsakiyarta wadda ba ta cikin abacada. Yara suka kwafe ta a littattafansu yadda suka gan ta.

Maganin wannan ya samu tun da daɗewa, wato tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, har da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, da kuma ƴ da ake amfani da ita a Jamhuriyar Nijar a gurbin 'y. Windows yana da allon rubutun Hausa wanda ake iya kunnawa, haka ma Gboard a wayoyi. Sai dai ko an yi rubutu da Unicode, dole samfurin da aka zaɓa ya kasance an zana waɗannan baƙaƙe a cikinsa. Idan babu, masarrafa takan aro harafin daga wani samfuri, sai ya fito ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsayi, ko kuma ta sa ɗan akwati a gurbinsa. Samfuran Andika da Charis na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, kyauta ake samunsu, kuma suna ɗauke da baƙaƙen duka. Andika ma don masu koyon karatu aka zana shi.

Akwai kuma katsalandan da masarrafa take yi da sunan gyara, domin da Ingilishi aka saita ta. Idan aka rubuta 'ya'ya, takan juya alamar farko ta mai da ita mabuɗin zance. Kalmar i ta amsawa takan mai da ita babban harafi a tsakiyar jimla. A tambayoyin zaɓi, (a) da (b) sukan zauna lafiya, amma (c) ta rikiɗe ta zama tambarin haƙƙin mallaka. Duk waɗannan ana kashe su a wurin saitin gyaran kai-tsaye, aikin minti biyu ne, amma sai wanda ya san da wurin. Dangane da alamomin karin sauti, shawararmu ita ce a bi hanyar da littattafan tsarin sauti na ƙasar nan suka saba, a ninka wasali don nuna tsawo, a ɗora alamar karin ƙasa ita kaɗai. Tara alama biyu a kan wasali guda yakan sa su goce ko su hau juna a na'urori da yawa.

4.0 Murya

A nan ne aikin ya fi wuya, kuma a nan ne muka fi ganin asara. Abu na farko da ya kamata malami ya sani shi ne, PowerPoint ba ta ɗaukar muryar darasi a matsayin zare guda. Kowane shafi da nasa guntun sauti, kuma a ɗan lokacin da ake sauyawa daga shafi zuwa shafi ba a ɗaukar komai. Kamfanin da ya yi masarrafar ma ya faɗi haka a bayaninsa. Malamin da ya saba da aji, yana magana yana juya allo, zai danna maɓalli bakinsa bai tsaya ba, sai a wayi gari wutsiyar jimla ɗaya da kan ta gaba sun salwanta.

A duba abin da wannan yake nufi ga darasin furuci. Abin da ya raba ƙ da k yana cikin ɗan ƙanƙanin lokacin da aka saki iskar da maƙwallato ya tunkuɗo, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Idan shafi ya buɗe da kalmar ƙura, malami kuma ya furta ta a daidai lokacin da ya danna, abin da zai isa kunnen ɗalibi shi ne ura, ko wani abu tsakanin kura da ƙura. Ɗalibin da dama ƙ ɗin ce matsalarsa bai ƙaru da komai ba. A ƙarshen shafi kuma wata ɓarnar ce daban. Kalmar baƙo, mai nufin wanda ya zo daga wani wuri, da dogon wasali take ƙarewa, amma sunan yanka Baƙo da gajere yake ƙarewa, kuma idan an tsaya a kansa akan ji 'yar hamza ta rufe shi. To, idan na'ura ta datse dogon wasali kafin ya kai ƙarshe, abin da ta samar shi ne gajeren wasali mai rufaffen ƙarshe. Wato ba ɓatar da misalin kawai ta yi ba, ta mai da shi kishiyarsa. Maganin ba ya cin ko kwabo: malami ya ƙirga ɗaya, biyu a zuciyarsa bayan ya shiga sabon shafi, ya sake ƙirgawa kafin ya fita, kuma kada ya fara shafi ko ya rufe shi da kalmar da ake nazari. Ya sa ta a tsakiyar jimla, kamar ya ce, “Ku saurari kalmar ƙura da kyau.”

Abu na biyu shi ne lokaci. Yayin ɗaukar murya, masarrafa tana rubuta daƙiƙoƙin da aka yi a kowane shafi, da su take juya shafukan da kanta daga baya. Idan malami ya ga bai gamsu da bayaninsa a shafi na biyar ba, ya ɗauko wani sautin da ya fi tsawo ya saka, amma bai gyara tsohon lokacin ba, shafin zai wuce a kan tsohon ƙa'idinsa, muryar ta yanke a tsakiyar magana. Malamai da yawa sukan ɗauka fayil ne ya lalace, su sake aikin tun daga farko, alhali lamba guda ce za a canza.

Abu na uku ingancin sautin kansa. Kwamfuta tana adana murya ta hanyar ɗaukar awonta sau dubbai a kowace daƙiƙa, kuma ƙa'ida ce tabbatacciya cewa ba za ta iya riƙe sautin da kaɗawarsa ta wuce rabin adadin awon ba. Tsofaffin saituna masu awo 11,025 a daƙiƙa ba sa riƙe abin da ya haura kaɗawa 5,500 ko kusa da haka, alhali yawancin ƙarfin sautin s yana daga 4,000 zuwa sama. Shi ya sa a irin wannan ɗauka sara da tsara da shara sukan kusanci juna. Karin sauti shi kuma a ƙasa yake zaune. Muryar namiji baligi takan kaɗa tsakanin sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa, ta mace kuma tsakanin 165 zuwa 255. Wutar lantarkin ƙasar nan sau 50 take kaɗawa, ƙaramin janareta ma a kan wannan ma'auni yake juyawa, gunjinsa kuma yana haifar da amo a 100 da 150 da 200, wato a cikin gonar muryar malami. Kunne yana da juriya, yakan tsinto karin ko a cikin hayaniya, amma juriyar ɗan asalin harshe ba ɗaya take da ta mai koyo ba. Masu gaggawa sukan ce ai akwai masarrafar share hayaniya, irin su Audacity, wadda kyauta ce. Gaskiya ne, tana da amfani, amma idan aka tsananta sharar takan haɗa da s da f da sakin ƙ ta kwashe, domin su ma a wurinta hayaniya ce.

Yanayin Yola bai sauƙaƙa wannan ba. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, malami yana tsakanin ya kunna fanka iskarta ta cika makirfo, ko ya kashe ta ya yi ta gumi ita ma kwamfutar fankarta ta ciki ta tashi da ƙara, ga shi makirfon da ke jikinta kusa da fankar yake. Ga ƙarar keke-napep ga masu zama kusa da manyan titunan Jimeta. Abin da muka ga ya fi dacewa shi ne a yi amfani da makirfon igiyar sauraro ta waya, a ajiye shi kamar taƙi guda daga baki kuma ɗan gefe, a ɗaki mai labule da katifa da darduma, ba aji mai siminti da kwano ba, a kuma zaɓi bayan sallar asuba kafin gari ya tashi.

Akwai wata magana da ba ta na'ura ba ce, amma na'ura ce ta fito da ita fili, kuma ba za mu tsallake ta don kunya ba. Malaman Hausa da yawa a Adamawa ƙwararru ne a nahawu da adabi, amma Hausar da suka tashi da ita ba ta raba k da ƙ. A aji wannan yakan wuce da ranar. A darasin da aka ɗauka kuwa yana nan daram, ana tura shi daga waya zuwa waya, ana maimaita shi shekara da shekaru. Ba muna cewa Hausar Adamawa aibi ce ba, kari ne kamar sauran kare-karen harshe, kuma ta cancanci nazari. Amma jarrabawa a kan daidaitacciyar Hausa ake yin ta. Babu laifi malami ya yi bayaninsa da muryarsa, ya nemi abokin aiki ya furta jerin misalan. Muryar da kwamfuta take ƙirƙira daga rubutu ba za ta maye wannan gurbi a darasin furuci ba, tunda rubutun da aka ba ta bai nuna mata ko wace kuka ake nufi ba, sai dai ta yi hasashe.

5.0 Nauyin Fayil da Isar da Shi

Sautin da ba a matse ba, irin na WAV mai ingancin faifan CD, yana cin kusan megabayit 10 a minti guda. Darasin minti 20 ya kai 200 ke nan, kafin a sa hoto ko ɗaya. Wannan sautin idan aka mai da shi MP3 mai matsakaicin inganci, wanda ya ishi magana, bai fi rabin megabayit a minti ba. Ga uban da yake saya wa yara data da kuɗin cefane, wannan bambanci shi ne tsakanin a buɗe darasi da a bar shi.

Masu aiki da tsofaffin kwamfutoci, waɗanda akan ci karo da su a ɗakunan kwamfuta na makarantu, suna da wani tarko na daban. A PowerPoint na 2007 da waɗanda suka gabace shi, sautin da ya wuce kilobayit 100 ba a cusa shi cikin fayil ɗin darasi sai an canza saiti, adireshin inda yake a kwamfutar kawai ake rubutawa. Malami ya kwafi darasi a filash ya kai wata makaranta, shafuka su fito, hoton lasifika ya fito, amma shiru. Daga fitowar 2010 ne aka koma cusa sauti a ciki, aka kuma samu damar mai da darasi bidiyo, na 2013 kuma ya kawo MP4, wanda kusan kowace waya take buɗewa. A ganinmu wannan ita ce hanya mafi aminci ta isar da darasin Hausa, domin a bidiyo harafi ya riga ya zama hoto, murya da shafi kuma sun ɗinke. A zaɓi ƙaramin ma'auni na 480 ko 720, a kuma yi rubutu manya, tunda a tafin hannu za a karanta. Sai dai juyawa zuwa bidiyo tana ɗaukar lokaci, idan aka ɗauke wuta batiri kuma ya mutu a tsakiya, sai a sake daga farko. Wannan ma dalili ne na gutsura darasi zuwa minti biyar ko bakwai.

6.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Masu Tsara Manhaja

Duk abin da muka zayyana, malamai ɗaiɗai ne suke gano shi da kansu bayan sun yi asarar dare da data. Bai kamata a ci gaba a haka ba, ga cibiyoyi irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola da Jami'ar Modibbo Adama a kusa. Darasin kwamfuta na gama-gari da ake ba ɗaliban koyon malanta ba ya taɓo ƙ ko karin sauti, darasin tsarin sauti kuma ba ya taɓo makirfo. Wurin haɗa su shi ne kwas ɗin dabarun koyar da Hausa, inda ya kamata kowane ɗalibi ya shirya darasi guda mai murya a auna shi a kai, kamar yadda ake auna shi a gwajin koyarwa. Haka kuma akwai bukatar a daidaita kalmomin wannan fanni kamar yadda aka yi wa na nahawu da adabi a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi na 1990, don kada a ci gaba da kiran abu biyu da sunan manhaja. Ya kamata kuma makaranta ta riƙa ajiye abu uku na kowane darasi, wato rubutun bayanin da asalin sautin da bidiyon, domin a halin yanzu darasi yakan tafi ne tare da wayar malamin da aka yi wa canjin wurin aiki.

Game da tantance darasi kafin a raba shi, kada a gwada shi a kwamfutar da aka shirya shi, domin a can ba ya nuna aibinsa. A tura shi zuwa waya mai araha, a miƙa wa ɗalibin da Hausa ba harshensa na farko ba ce, a rufe fuskar wayar, a ce ya rubuta abin da ya ji: kura ko ƙura, bata ko ɓata, sara ko tsara, baƙo ko Baƙo. Sa'an nan a buɗe fuskar, ya karanta abin da ke rubuce. Shafin da ya kasa rabewa a kansa, a koma a duba ko kunnensa ne ko ɗaukar ce, ta hanyar furta masa kalmomin baki da baki. Idan ya rabe su a bakin malami bai rabe su a waya ba, a sake ɗaukar wannan shafi.